Ƙwayoyin tushe

Ƙwayoyin tushe ƙwayoyin halitta ne waɗanda ba su riga sun kama sana'a ɗaya a jiki ba. Abu biyu ne ya bambanta su da saura: suna rabuwa su haifi irinsu, kuma suna iya rikiɗa su zama wata ƙwaya mai aiki na musamman, kamar ta jini, ta fata ko ta jijiya. Masana sun fi raba su gida uku. Akwai na jikin wanda aka riga aka haifa, a ɓargo da fata da hanji da jinin cibiya, waɗanda galibi ba sa wuce gyaran sashen da suke zaune. Akwai na ɗan tayi mai kwana 5 zuwa 6, da ke iya zama kowace irin ƙwaya ta jiki. Na uku su ne waɗanda ake juya ƙwayar fata ko ta jini a ɗakin gwaji har ta koma halin na ɗan tayi.

Tarihi

Tun wajajen 1909 masanin Rasha Alexander Maximow ya yi hasashen cewa duk ƙwayoyin jini daga uwa ɗaya suke fitowa, amma ba a sami hujja ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da tururin nukiliya ya yi wa mutanen Hiroshima da Nagasaki, waɗanda ɓargonsu ya daina yin jini, ya sa masana suka duƙufa kan neman hanyar farfaɗo da shi. A ƙarshen shekarun 1950, E. Donnall Thomas ya soma zuba wa masu sankarar jini ɓargon wasu a Amurka. Yawancin majinyatan farko ba su rayu ba, domin a lokacin ba a san yadda ake tantance dacewar mai bayarwa da mai karɓa ba. A 1958 Georges Mathé ya yi wa wasu ma'aikatan Yugoslaviya dashen ɓargo a Paris, bayan haɗarin da ya auku a cibiyar nukiliya ta Vinča.

Hujjar da ta tsaya da ƙafarta daga Toronto ta fito. James Till da Ernest McCulloch sun haska wa ɓeraye tururi har ɓargonsu ya mutu, sannan suka yi musu allurar ɓargon lafiyayyun ɓeraye. Bayan kwana goma ko makamancin haka suka buɗe su, sai ga ƙananan ƙulutai sun fito a jikin saifa, waɗanda ido ke iya ƙirgawa, kuma yawansu na tafiya daidai da yawan ɓargon da aka zuba. Sun wallafa wannan a 1961. A 1963, tare da ɗalibinsu Andrew Becker, suka nuna cewa kowane ƙulutu zuriyar ƙwaya ɗaya tak ce, alhali a cikinsa akwai nau'o'in ƙwayoyin jini daban-daban. A kan wannan gwajin aka gina kusan duk abin da ya biyo baya. A 1968 Robert Good ya yi nasarar dasa wa wani jariri marar garkuwar jiki ɓargon 'yar'uwarsa a Minnesota. Thomas kuwa bai yi fushi da aikin ba duk da asarar rayukan farko, har ya sami kyautar Nobel a 1990.

A ɗaya ɓangaren, John Gurdon ya nuna a 1962 cewa idan aka ciro tsakiyar ƙwayar hanjin talibambam aka sa a ƙwan kwaɗo da aka cire wa tasa, sabon talibambam na iya fitowa. Ma'ana, ƙwayar da ta balaga ba ta yar da bayanan gina jiki duka ba. A 1981 Martin Evans da Matthew Kaufman a Ingila, da Gail Martin a Amurka, suka ware ƙwayoyin tushe daga ɗan tayin ɓera. An haifi tunkiyar nan Dolly, wadda aka kwafo daga ƙwayar jikin wata balagaggiyar tunkiya, a Scotland a 1996. A 1998 James Thomson na Jami'ar Wisconsin ya raya na ɗan Adam daga ragowar 'yan tayin da ma'aurata suka bayar bayan neman haihuwa ta hanyar haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji. Daga nan ne muhawara ta bar hannun masana ta shiga majalisu da wuraren ibada.

A 2006 Shinya Yamanaka da Kazutoshi Takahashi na Jami'ar Kyoto suka cusa ƙwayoyin gado (sassan bayanan da ke tafiyar da aikin ƙwaya) 4 kacal cikin ƙwayar fatar ɓera, sai ta koma tamkar ta ɗan tayi. A 2007 suka maimaita da ta mutum. Yamanaka da Gurdon sun raba kyautar Nobel ta 2012.

Fagen bai tsira daga zamba ba. Hwang Woo-suk na Koriya ta Kudu ya yi iƙirarin samar da ƙwayoyin tushe daga kwafin ɗan tayin mutum a 2004 da 2005. Binciken jami'arsa ya gano cewa ƙirƙirar sakamakon aka yi, kuma an karɓi ƙwai har daga mata masu aiki a ƙarƙashinsa.

Amfani a asibiti

Maganin da ya kafu sosai har yau shi ne dashen ƙwayoyin tushen jini. Ana fara kashe ɓargon majinyaci da magunguna masu ƙarfi, sannan a ɗaura masa sababbin ƙwayoyin ta jijiya kamar ƙarin jini, su kuma su nemi hanyarsu zuwa cikin ƙashi. Makonni biyu zuwa huɗu na farko su ne masu haɗari, domin majinyaci yana kwance a keɓaɓɓen ɗaki ba shi da garkuwa, ƙaramin zazzaɓi ma na iya tafiya da shi. Akwai kuma tsoron sababbin ƙwayoyin su juyo su yaƙi jikin da aka dasa su. Ana yin dashen don sankarar jini da wasu cututtukan gado. Eliane Gluckman ta fara amfani da jinin cibiya a Paris a 1988, inda ta yi wa wani yaro ɗan shekara 5 dashe da na ƙanwarsa jaririya.

Sikila na cikin cututtukan da dashen ke warkarwa. An fara lura da haka a rahoton 1984, kan wata yarinya a Amurka da aka yi wa dashe saboda sankarar jini, sai sikilarta ma ta tafi. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita a shekara. An yi dashen farko a ƙasar a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin Dokta Nosakhare Bazuaye. Sai dai tsadar aikin da wahalar samun ɗan'uwa da ya dace sun sa 'yan kaɗan ne ke kaiwa gare shi. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da wani maganin sikila mai suna Casgevy, wanda ake gyara ƙwayoyin majinyacin da kansa a mayar masa. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, kuɗin da ya yi wa iyalan da cutar ta fi addaba nisan sama da ƙasa.

Ana kuma raya fata don masu mummunar ƙuna, da gyara gaban idon da ya ƙone.

Abin da ake gwadawa

Ciwon sukari nau'i na 1, cutar Parkinson, raunin laka da lalacewar bayan ido duk suna matakin gwaji. Masayo Takahashi ta dasa wa wata dattijuwa tantanin ido da aka raya daga fatarta a birnin Kobe a 2014. Babban abin tsoro shi ne ƙwayar da ba ta gama rikiɗa ba ta zama ƙari.

Tazarar da ke tsakanin burin warkewa da magani ta buɗe kasuwa ga asibitocin da ke sayar da allurar da ba a gwada ba. A Florida, mata 3 sun rasa ganinsu ko mafi yawansa bayan an yi musu allurar ƙwayoyin kitsen jikinsu a ido a 2015. Haka nan ƙwayoyin sha da garin da ake tallatawa da sunan ƙwayoyin tushe ba su da wata alaƙa da wannan ilimi, domin ƙwaya mai rai ba ta tsira daga narkewar ciki.

Muhawara

Saɓanin ya ta'allaƙa ne kan matsayin ɗan tayi, tun da ciro ƙwayoyinsa na nufin lalata shi. Cocin Katolika ta haramta, bisa cewa mutuncin ɗan Adam na farawa daga ɗaukar ciki. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na Makka a 2003, ta halatta amfani da na manya, jinin cibiya, ɓarin da ya faru da kansa, da ragowar ƙwan ma'aurata idan sun yarda. Ta haramta zubar da ciki da gangan don wannan, da kuma yin kwafin ɗan tayi.

Dokoki sun bambanta. Birtaniya ta yarda da bincike har zuwa kwana 14, bisa rahoton Warnock na 1984 da dokar 1990. Jamus ta hana ciro ƙwayoyin a cikin ƙasarta, amma ta yarda a shigo da wasu daga waje. A Amurka, George W. Bush ya taƙaita tallafin gwamnatin tarayya a Agustan 2001, Barack Obama ya sassauta a Maris 2009. A 2021 ƙungiyar masana fagen ta duniya ta sassauta matsayinta kan iyakar kwana 14, ta ce a riƙa duba kowane bincike da kansa.