Ba ka sayarwa, amma tashin farashin tsohuwar motarka ya shafe ka

Masu tsofaffin motocin tsere sun daɗe suna cewa tashin farashi matsalar mai sayarwa ce kawai. Kuskure ne.

Fara da inshora. Irin waɗannan motoci galibi ana yi musu inshora ne a kan kuɗin da aka amince da shi tun farko. Idan Porsche 911 mai injin da iska ke sanyayawa, wadda aka daina ƙerawa a 1998, ta ninka daraja, kai kuma ba ka sabunta takarda ba, ranar da ta ƙone tsohon kuɗin za a biya ka. Ba zai sayo irinta ba. A sake ƙiyasta ta duk shekara ɗaya ko biyu, da hotuna da rasit na gyara.

Kayan gyara na asali su ma tsada suke yi. Canja inji kuwa yana karya daraja, domin masu saye suna duba lambar inji ko ita ce ta kamfani.

Ɓarnar da ta fi yawa tsoro ne. Ganin ta yi tsada, sai mai mota ya ji tsoron hawanta ya kulle ta a gareji, robobin inji su bushe su fara yoyo, fetur ya lalace, man birki ya sha danshi, tayoyi su lotsa a wajen da suke taɓa ƙasa.