Masu walda, baƙin gilashin gayu ba ya kare ido

Da sassafe ake kawo mana su ɗakin duba ido: saurayi an riƙo masa hannu, ido jajir, hawaye na zuba, yana cewa kamar an watsa masa yashi. Jiya ya yi walda, ko ya tsaya yana riƙe wa maigidansa ƙarfe. Hasken ne ya ƙona saman idon, kuma zafin ba ya tasowa sai bayan awa 6 zuwa 12, shi ya sa yake tayar da mutum tsakar dare.

In ka tambaye shi me ya sa a fuska, sai ya ce baƙin gilashi. Wane gilashi? Na gayu, irin na bakin titi. Wani ma ko shi babu, wai yana runtse ido ya kawar da kai in wuta ta kama. Haba jama'a! Kafin ka ƙifta, hasken ya riga ya shiga.

Saboda ƙiftawa ba ta da saurin da ake buƙata ne masana a cibiyar bincike ta Sandia a Amurka suka haɗa wa matuƙan jiragen yaƙi tabarau na musamman a shekarun 1970, don kada walƙiyar bam ɗin nukiliya ta makantar da su suna sama. Da wani irin tangaran mai suna PLZT aka yi shi. Kana gani ta cikinsa, amma da haske ya bugo sai ya yi baƙi a ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Tun 1981 kuma wani kamfani a Suwidin ya fito da hular walda mai gilashin da ke yin baƙi da kansa in haske ya bugo. Ga ta nan a kasuwa, kai kuwa kana nan da gilashin gayu.

Na san kuɗi sun yi wuya, 'yan uwana. In hular ta fi ƙarfinka, sayi garkuwar fuska ta hannu mai gilashin walda da duhunsa ya kai lamba 10 ko sama da haka.

In abin ya faru: kada a murza, kada a ɗiga nono ko ruwan albasa, kada a sayi maganin kashe zafin ido a kemis. A zo asibiti, musamman in ana zaton ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa.

Ku kuma masu gida, yaron da ke riƙe muku ƙarfe amana ne iyayensa suka ba ku. Ku saya masa garkuwa tasa, kuma ku kori yaran unguwa da ke tsayawa kallon wuta.