Waiwaye: daga mega 2 zuwa Wi-Fi 7, wai dole ne sai ka canja rauta?

Ƙanena ne ya kira ni daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, wai ya je sayen caja mai shago ya tsare shi da zancen cewa rautar da yake amfani da ita a gida, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi, ta zama tsohon yayi, yanzu Wi-Fi 7 ake yi, kuma ga wata nan mai eriya shida kamar gizo-gizo, in ya saka ta a falo shikenan ya rabu da jujjuyawar bidiyo. Na ce masa tsaya tukuna, intanet ɗin da kake biya duk wata mega nawa yake ba ka? Shiru. Wayarka fa, wane Wi-Fi take ɗauka? Nan ma shiru. To ai wannan shirun nasa shi ne ya sa na zauna rubuta wannan abun, don wallahi wannan cinikin ba yau aka fara shi ba, kusan shekara 25 kenan ana maimaita shi, lambar da ke jikin kwalin ce kawai take canjawa.

Asalin Wi-Fi daga Amurka ne. A 1985 hukumar sadarwarsu, FCC, ta saki wasu zangunan rediyo ta ce kowa ya yi amfani da su ba sai da lasisi ba. Mu da muka taso muna murɗa rediyo muna laluben gajeren zango mun san meye zango, to irinsa ne. Ɗaya daga cikin waɗanda aka saki shi ne 2.4 gigahaz, kuma ba don alheri aka sake shi ba, juji ne, wurin da injin ɗumama abinci na maikurowef da wasu injinan asibiti da masana'antu suke zubar da hayaniyarsu, manyan kamfanoni ba sa so. A wannan jujin aka gina Wi-Fi. Kamfanin NCR a ƙasar Holan ya fito da wani abu mai suna WaveLAN wajen 1991 don haɗa injinan karɓar kuɗi na kantuna ba tare da waya ba, kuma wani injiniyansu Vic Hayes shi ya shugabanci kwamitin ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE da ya zauna tsara ƙa'ida ɗaya da kowa zai bi. Shekara bakwai suna zama, sai a 1997 suka fito da ƙa'idar farko mai suna 802.11. Gudunsa? Megabit 2. Da irin wannan gudun, yanzu ko hoton biki aka turo maka a WhatsApp sai ka yi tsaki kafin ya buɗe.

1999 ce shekarar da abun ya kankama. Aka fito da 802.11b mai mega 11 a kan 2.4, da kuma 802.11a mai mega 54 a kan zangon 5 gigahaz. A shekarar ne kamfanonin suka haɗa ƙungiya suka ɗauko masu tallan Interbrand suka raɗa masa suna Wi-Fi, don ba wanda zai shiga kanti ya ce a ba shi 802.11b. A shekarar ne kuma Steve Jobs ya hau dandamali a New York da laftof ɗin iBook, yana buɗe shafin intanet yana yawo da ita, har ya zura ta cikin wani zobe don mutane su ga babu waya a jikinta. Amma ga abin lura tun daga nan: a ɗin ya fi b gudu kusan sau biyar, amma b ne ya ci kasuwa, saboda ya fi araha kuma ya fi ratsa bango. Mai gudun ya zauna a shago. Sai 2003 aka kawo 802.11g wanda ya ba da mega 54 ɗin a kan 2.4, kuma yana magana da tsofaffin na'urorin b, shi ya sa ya bazu ko'ina, zamanin shuɗiyar Linksys WRT54G kenan, wadda duk wanda ya yi harkar kafe a shekarun nan zai iya tuna ta.

Kuma 54 ɗin nan ma a takarda ne. A zahiri in ka samu 20 da ɗoriya ka gode Allah, sauran ya tafi wajen gaishe-gaishe tsakanin rauta da na'ura, ka ji ni? na ji ka, sake turowa ban ji ba. Har gobe haka abun yake, lambar kwali daban, abin da ke isowa hannunka daban.

Inda aka fi shan wuya shi ne zamanin 802.11n, wanda ya biyo bayan g. Tun wajen 2003 aka kafa kwamitinsa amma kamfanoni suka rabu gida biyu, TGn Sync da WWiSE, kowa na so a ɗauki fasaharsa don shi zai ci kuɗin haƙƙin mallaka, aka yi ta ja-in-ja shekara da shekaru. Su kuwa 'yan kasuwa ba su da wannan haƙurin. A ƙarshen 2004 Belkin ya fito da rauta ya rubuta mata Pre-N a jiki, wato n ɗin da ba a haifa ba tukuna, wasu kamfanonin ma suka bi sahu da nasu. Mutane suka yi rububi suka saya da tsada. Da aka zo aka kammala ƙa'idar a watan Satumba 2009 sai ga shi ta sha bamban da abin da suka saya, rautar tana aiki dai amma in ta haɗu da na'urar n ta gaskiya sai su koma magana da gudun g, wato an sayi kifi a ruwa. Waɗanda suka jira zuwa 2007, lokacin da ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fara buga tambarinta a kan kayan da suka bi daftari na biyu na ƙa'idar n, su ba su yi asara ba, kayansu sun ci gaba da tafiya da na ƙarshen. Bambancin shekara biyu da rabi ne kawai da kuma tambari.

Shi n ɗin kansa ya cancanci a canja saboda shi, gaskiya. Shi ya kawo amfani da eriya fiye da ɗaya a lokaci guda, yana iya aiki a zango biyun duka, kuma har yau ɗin nan yawancin ƙananan MiFi masu araha da ake yawo da su a aljihu a kansa suke, a zangon 2.4.

Amma akwai wani canjin da tarihi ya nuna cewa shi ba na ganin dama ba ne, kuma ba ruwansa da gudu. Makullin farko da aka yi wa Wi-Fi sunansa WEP. A 2001 wasu masana uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka nuna cewa makullin na kwano ne, daga baya har ta kai ana fasa shi cikin 'yan mintuna da laftof. Aka yi maza aka kawo WPA a 2003, sai WPA2 a 2004. Mutane da yawa suka ce ai namu yana aiki, me za mu canja. Cikinsu har da katafaren kamfanin kantuna na Amurka TJX, wanda a Janairun 2007 ya fito ya ce an yi masa kutse, bayanan katin banki sama da miliyan 45 suka salwanta, kuma ta Wi-Fi ɗin shagunansu aka shiga, wanda har lokacin yana kan WEP. Jagoran ɓarayin Albert Gonzalez ya samu ɗaurin shekara 20 a 2010. WPA2 ɗin ma a 2017 wani mai bincike ɗan Beljiyam, Mathy Vanhoef, ya gano masa ɓaraka da aka kira KRACK, sai dai ita an toshe ta da ofdet, waɗanda kamfaninsu ya daina turo musu ofdet kuwa suka zauna a buɗe. 2018 aka kawo WPA3. A shekarar ce kuma FBI ta roƙi mutane su kashe rautocinsu su kunna saboda wata cuta mai suna VPNFilter da ta kama kusan rabin miliyan a ƙasashe sama da 50. Ni dai a wurina wannan shi ne babban dalilin jefar da tsohuwar rauta: ranar da kamfanin ya daina kula ta. Ba wai ranar da mai shago ya ce ta tsufa ba.

Daga nan sai ac a 2013, shi a zangon 5 kaɗai yake aiki. Amfaninsa na gaske gudun cunkoso ne, don 2.4 layi uku kacal gare shi da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, to ka ɗauka gidan haya ne mai ɗaki goma sha biyu kowa da MiFi ɗinsa ga hotspot na wayoyi ga Bluetooth, duk a layi uku, kamar Kantin Kwari ana gobe sallah. A wannan zamanin ne kuma aka ƙware wajen wasa da lamba. Ka ga an rubuta AC1200, ba wai za ka samu 1200 ba ne, sun haɗa 300 na zangon 2.4 da 867 na zangon 5 ne suka cike, alhali wayarka a zango ɗaya take zama a lokaci guda. Ƙaramar waya mai eriya ɗaya ma 433 ne iyakarta a takarda. AX3000 ma haka, 574 ne da 2402. Kuma duk megabit ne, sai ka raba da 8 kafin ka samu megabait ɗin da kake gani in kana sauke fim.

A Oktoban 2018 suka gaji da haruffa suka koma lamba, n ya zama Wi-Fi 4, ac ya zama Wi-Fi 5, sabon ax ya zama Wi-Fi 6. Ya sauƙaƙa wa mutane, ba musu, amma ya fi sauƙaƙa wa mai talla, don yanzu ko yaro ya san 7 ya fi 5, kai kuma sai ka ji kamar an bar ka a baya. Shi Wi-Fi 6 da aka fara ba da tambarinsa a 2019, lokacin Galaxy S10 da iPhone 11, ba don mutum ɗaya ya ƙara gudu aka yi shi ba, an yi shi ne don wurin da na'urori suka yi yawa, yana yanka layi ɗaya gida-gida ya sallami mutane da yawa a tare maimakon ɗaya bayan ɗaya. Makaranta, otal, ofis, gidan kallon ƙwallo da ke raba faswod, nan kwalliya take biyan kuɗin sabulu. Sai Afrilun 2020 FCC ta sake buɗe sabon fili, zangon 6 gigahaz, megahaz 1200 cur, aka sa wa masu hawansa suna 6E. Turai ba ta buɗe duka ba, ƙasa da rabi ta bayar, Chana kuma ta karkatar da na saman wajen layukan waya, wato ko ka sayi rautar sai abin da hukumar ƙasarka ta yarda da shi za ta yi. Kuma duk sanda zango ya ƙara sama, ƙarfinsa na ratsa bango raguwa yake, gidajen Amurka yawanci katako ne da allo, namu bulo ne da siminti da dakin mai rodi, ka tsallaka ɗaki biyu wayar ta sulale ta koma 2.4 ɗinta na gado ba tare da ta yi maka sallama ba.

Wi-Fi 7 kuma Janairun 2024 aka fara tambarinsa. Ya faɗaɗa layi zuwa megahaz 320, kuma ya zo da dabarar da na'ura za ta riƙe zango fiye da ɗaya a lokaci guda, in wannan ya cushe ta bi wancan. Abu ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma tsohon halin na nan: akwai rautoci masu araha da aka rubuta musu Wi-Fi 7 alhali babu zangon 6 a cikinsu sam, kuma faɗin 320 ɗin a zangon 6 kaɗai yake samuwa. Hatta iPhone 16 da ke da Wi-Fi 7 a 160 ta tsaya. To ina ga ƙaramar Tecno ko itel ɗin da aka saya shekara uku da suka wuce? Rauta da waya kullum a yaren wanda ya fi tsufa a cikinsu suke magana.

Sannan ga uwa uba, bututun da ke kawo ruwan. Rauta famfon cikin gida ce kawai, in abin da ke shigowa daga layin 4G ɗinka mega 15 ne da rana, da daddare ya faɗi, ko famfon zinare ka saka mega 15 ɗin ne zai zubo. YouTube da kansa mega 5 yake nema don bidiyo mai 1080, mega 20 don 4K, wanda tsohon n ma yana iya ɗauka in kana kusa da shi. Inda lissafin ya fara canjawa a wajenmu shi ne shigowar 5G a 2022 da Starlink a Janairun 2023 da kuma waɗanda faiba ta iso unguwarsu, don nan ne za ka iya samun ruwan ya fi ƙarfin famfon. Irin waɗannan mutanen su leƙa bayan rautarsu, da yawa daga cikin tsofaffi da masu arahar ramin kebul ɗinsu mega 100 ne iyakarsa, ko an rubuta AC1200 a gaba. Wannan kam a canja ta, kuma Wi-Fi 6 mai ramin gigabit, wato mega 1000, ya wadatar, yanzu kuɗinsa ya sauko tunda ya kwana biyu. Gwajin ma ba wuya, ka tsaya kusa da rautar ka auna gudu, ka je ƙuryar ɗaki ka sake aunawa, in da hali ka jona laftof da kebul ka auna na uku. In duka ukun kusan ɗaya ne kuma duk ba daɗi, kamfanin intanet ɗinka za ka nema ba mai shago ba.

Ana nan ana dafa Wi-Fi 8, ana sa ran kammala shi wajen 2028, kuma abin dariyar su da kansu sun ce wannan karon ba ƙarin gudu suka sa a gaba ba, so suke sabis ya daina yankewa.

Shi dai ƙanen nawa cajarsa ya saya ya dawo gida. Da na je na tarar da rautar a ƙasa, a bayan talabijin, an jingina ta da stabilaiza, an kuma lulluɓe ta da ɗan kyalle wai saboda ƙura. Muka buga ƙusa a bangon koridon muka rataye ta sama, muka shiga saitinta muka tarar faswod ɗin shiga har yanzu admin ne, wanda ta zo da shi daga kamfani, kuma wayoyi goma sha ɗaya ne a kai, a gidan da mutum huɗu ke kwana.