Waiwaye: Katangar New York Giants da kociyoyin da ta cinye

Ranar 10 ga Nuwamba, 2025, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta New York Giants ta sallami kocinta Brian Daboll, washegarin kashin da ta sha a hannun Chicago Bears da ci 24 da 20. Wasa goma ta buga a kakar, biyu kacal ta ci. Shi ne koci na huɗu da aka kora tun tafiyar koci Tom Coughlin a farkon 2016, kuma duk wanda ya bi sawun waɗannan kore-kore zai riƙa cin karo da zance ɗaya: ƙartin nan biyar da ke tsayawa a sahun gaba.

A ƙwallon Amurka, wadda ta fi kama da zari-ruga, kowane ɓangare na da mutum 11 a fili. Idan ƙwallo na hannun ƙungiya, biyar daga cikinsu katanga ne, kowanne nauyinsa kilo 140 ko kusa da haka. Su ke tare abokan karawa har kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, ya samu daƙiƙa biyu ko uku ya hango wanda zai jefa wa. Su ne kuma ke buɗe hanya ga mai gudu da ƙwallo. Maki ba nasu ba ne, kyamara ma ba ta cika bin su ba. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon Giants ya daɗe a tsage.

Da can ba haka abin yake ba. Lokacin da ƙungiyar ta doke New England Patriots 17 da 14 ta ɗauki kofin Super Bowl a Fabrairun 2008, katangarta ita ce David Diehl, Rich Seubert, Shaun O'Hara, Chris Snee da Kareem McKenzie. Waɗannan biyar sun fara wasa 38 a jere tare, ba wanda ya yi fashi. Abin da kuɗi ba ya saya ke nan a wannan aiki, domin kowa sai ya san motsin na kusa da shi tun kafin ya motsa. A 2008 'yan gudunsu biyu, Brandon Jacobs da Derrick Ward, kowanne ya wuce yadi 1,000. Masu bibiyar wasan daga Najeriya za su tuna zamanin saboda Osi Umenyiora, ɗan wasan Giants ɗan asalin Najeriya, wanda aikinsa shi ne fasa katangar wasu.

Tsufa da rauni suka watsa su. An sallami O'Hara da Seubert a 2011, aka lallaɓa aka ƙara kofi a Fabrairun 2012, sannan Diehl da Snee suka yi ritaya a 2014. Ƙungiyar ta yi jinkirin renon magada. A 2013 ta fara kaka da shan kashi shida a jere, kwatabak ɗinta Eli Manning ya jefa ƙwallo 27 hannun abokan karawa. Kaka uku na asara suka raka Coughlin ƙofa.

Daga nan aka shiga cefanen gaggawa. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2015, babban manaja Jerry Reese ya ɗauko Ereck Flowers a lamba ta tara, aka ba shi gefen hagu, wato tsaron bayan kwatabak, inda ba ya ganin mai zuwa. Flowers ya zama abin zolaya a birnin, aka sallame shi a Oktoban 2018. Abin ban haushi, da ƙungiyar Washington ta matsar da shi cikin katanga daga gefe sai ya fara kyau, wanda ya nuna cewa har da rashin sanin inda za a ajiye mutum cikin ciwon. Kafin nan an riga an kori koci Ben McAdoo tare da Reese a Disamban 2017, kodayake abin da ya fi tunzura jama'a a lokacin shi ne ajiye Manning a benci bayan ya fara wasa 210 a jere.

Sabon manaja Dave Gettleman ya zo da alkawarin ƙarti. Ya ba Nate Solder dala miliyan 62 na shekara huɗu, kuɗin da ba a taɓa ba ɗan katanga ba a lokacin. Duk da haka, a 2018 an kayar da Manning da ƙwallo a hannu sau 47, abin da bai taɓa gani ba. A shekarar ce kuma Gettleman ya zaɓi mai gudu Saquon Barkley a lamba ta biyu, ya bar Quenton Nelson, wanda Indianapolis Colts ta ɗauka a ta shida. An sayi doki, ba a share masa hanya ba. Koci Pat Shurmur ya tafi bayan kaka biyu, nasara 9, asara 23.

Labarin magajinsa Joe Judge ya fi kowanne bayyana yadda katanga ke cin koci. A wasan ƙarshe na kakar 2021, da Washington, Giants na maƙale dab da layin gidanta. Ƙa'ida ita ce a ci yadi goma cikin yunƙuri huɗu. Saura yadi tara a yunƙuri na uku, sai Judge ya sa kwatabak ya rungume ƙwallo ya kutsa kai cikin cunkoso, don kawai a samu sararin buga ta gaba. A gaban magoya bayansa ya nuna bai yarda da 'yan wasansa ba. Kwana biyu bayan haka aka sallame shi. A watan ne John Mara, ɗaya daga cikin masu ƙungiyar, ya amsa da bakinsa cewa ba abin da ba su yi ba na lalata matashin kwatabak ɗinsu, Daniel Jones.

Daboll ya shigo da ƙafar dama. A 2022 ya ci wasa tara, ya fitar da Minnesota Vikings a zagayen kifa ɗaya ƙwala, aka ba shi kyautar gwarzon koci. Andrew Thomas, wanda aka zaɓa a lamba ta huɗu a 2020, ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu tsaron hagu, aka sabunta masa kwantiragin dala miliyan 117.5. Jones ya samu na miliyan 160.

Sai 2023. A wasan farko Dallas Cowboys ta lallasa su 40 da nema, Thomas ya ji ciwo a cinya. Seattle Seahawks ta kayar da masu riƙe musu ƙwallo sau 11 a dare ɗaya. Aka koma kiran Justin Pugh, tsohon ɗan wasansu da ke zaune a gida, ya zo ya toshe ɓaraka. Evan Neal, zaɓin lamba ta bakwai a 2022, ya kasa tsayawa a gefen dama, ya kuma ƙara wa kansa baƙin jini da ya yi wa masu yi masa ihu gorin sana'a, kafin ya nemi afuwa. Jones ya ji ciwon wuya, sannan jijiyar gwiwarsa ta tsinke a Nuwamba. Jimillar kayarwa a kakar 85, adadin da Philadelphia Eagles ta 1986 kaɗai ta zarce da 104. Kocin katanga Bobby Johnson ne ya biya bashin, aka kawo Carmen Bricillo.

A 2024 an ga alamar gyara da zuwan 'yan katanga Jon Runyan da Jermaine Eluemunor, sai Thomas ya sake jin ciwo a ƙafa a Oktoba, komai ya sukurkuce. Nasara 3, asara 14. Har jirgi aka yi haya ya riƙa shawagi kan filinsu na MetLife da ƙyallen roƙon Mara ya gyara. Barkley kuwa, da ya koma Eagles ya samu katanga ta gari, ya yi gudun yadi 2,005 ya ɗauki kofi. Jones ma da ya koma Colts ya tsaya bayan Nelson, wasa bakwai cikin takwas na farkon 2025 suka ci.

A ganina, nan ne rashin adalcin yake. Manaja ke zaɓo 'yan katanga, renonsu na cin shekara uku ko huɗu, amma kociyoyi uku a jere ba wanda ya wuce kaka biyu. Kowane sabon koci da nasa tsarin, sai a koma farko.

Sai dai ba za a ɗora wa katanga korar Daboll kai tsaye ba, don a 2025 ta fi ta shekarun baya tsayuwa. Zubar da nasara ne ya kai shi ƙasa. A Denver suna gaba 19 da nema aka shiga kashi na huɗu, aka tashi 33 da 32 a kansu. A Chicago sabon kwatabak Jaxson Dart ya bugu a ka ya fita, sannan suna gaba 20 da 10 wasan ya kuɓuce. Daboll ya tafi da nasara 20, asara 40, canjaras ɗaya, aka ba Mike Kafka riƙon ƙwarya. Manaja Joe Schoen, wanda ya zaɓo Evan Neal, ya ci gaba da zama a kujerarsa.