Tambayoyinku kan haɗa fayif ɗin fitar ruwa a injin ban ruwa da ke yin firamin (korar iska don jan ruwa) da kansa

Tunda rani ya kama masu noman kabeji da tumatir a wajen Bukuru da Barkin Ladi suke ta kirana kan magana ɗaya, an sayo inji sabo fil amma ya ƙi jan ruwa daga kududdufin kuza. Kusan kowa fayif ɗin tsotso yake zargi, alhali sau da yawa matsalar tana bakin da ruwa ke fita. Shi ya sa na tattara tambayoyin nan.

Malam, ai an ce da kansa yake jan ruwa, to meye ruwan fayif ɗin fita a ciki?

Ɗan'uwa ruwansa ne kuwa sosai. Irin wannan injin yana da ciki babba da ke riƙe ruwa, in ka tayar da shi farfelar tana cakuɗa ruwan nan da iskar da ke cikin fayif ɗin tsotso, iskar ta rabu ta yi sama ta fice ta bakin fita, ruwan ya koma ƙasa ya sake ɗebo wata iskar, haka haka har iska ta ƙare ruwan kududdufi ya hau. Kaga kenan in iskar nan ba ta samu ƙofa ba inji zai yi ta juyawa ne kawai, ruwan cikinsa ya yi zafi, sil (abin da ke hana ruwa yoyo ta wajen sandar farfela) ya ƙone. Kuma karon farko dole kai ne zaka cika cikin da ruwa da hannunka, kar ka tayar da shi a bushe ko na minti ɗaya.

To ni na sa non-ritan bawul a bakin fita, shi ne ya jawo min?

Zai iya. Non-ritan shi ne bawul ɗin da ke barin ruwa ya wuce gaba amma ya hana shi dawowa baya. Na je wata gona kwanaki, fayif ya hau tudu wajen mita 15, an ɗaura non-ritan daf da bakin inji. Ruwan da ya tsaya a saman bawul ɗin ya danne shi, kowane mita 10 na tsayi kusan bar 1 ne a ma'aunin matsi, iska kuma ba ta da ƙarfin ture wannan nauyin. Da na ɗora tafin hannu a jikin injin sai da na janye don zafi, mai gonar har ya fara maganar mayar da shi shago. Fayif muka yanka muka sa ti (mahaɗi mai baki uku) tsakanin inji da non-ritan, muka fitar da ƙaramin fayif mai ɗan famfo a jiki ya koma kududdufin. Muka buɗe muka tayar, iska ta dinga fita fuu fuu, can sai ga ruwa, muka rufe ɗan famfon, shikenan ruwa ya kama hanyar tudu. Wallahi abin yana min ciwo in ga mutum ya ci bashi ya sayi inji, sati bai cika ba ya ƙona sil saboda ti ɗaya.

Akwai kuma bawul mai sakin iska da kansa, shi ya fi dacewa in injin na lantarki ne mai tashi ba kowa a wajen.

Wanne ake fara sawa, non-ritan ko get bawul?

Daga bakin inji ka sa yuniyon (mahaɗin da ake kwancewa ba sai an yanka fayif ba), sai ti na sakin iska, sai non-ritan, get bawul (wanda ake murɗawa da hannu a buɗe ko a rufe ruwa) a ƙarshe. Ranar da non-ritan ya lalace ka rufe get ka kwance abinka ba tare da ruwan tanki ya dawo maka ba. Amma kar ka bar inji yana aiki get a rufe.

Oga, bakin injina inci 2 ne, fayif ɗin da nake da shi inci 1 da rabi, zan iya rage shi?

Kar ka rage dan Allah. Mutane suna ganin in fayif ya matse ruwa ya fi ƙarfi, fesawa kawai yake yi, amma yawan ruwan da ke isa gona raguwa yake saboda gogayya a cikin fayif. Ka tsaya a inci 2, in tafiyar da nisa ce ma ka ƙara zuwa inci 3. Elbo kuma ka rage yawansu, kowane lanƙwasa yana cin ƙarfin ruwa.

Fayif ɗin zai iya zama a kan injin kawai?

A'a. Fayif cike da ruwa yana da nauyi, in ya rataya a wuyan inji tare da girgiza sai zare ya tsage ko haɗin ya fara yoyo. Ka kafa masa ƙarfe ko bulo ya ɗauki nauyinsa, kuma bakin fayif ya zo daidai da bakin inji, ba wai ka ja shi da ƙarfin tsiya ka ɗaure ba. In PVC ne ka bar gam ya bushe kafin ka saki ruwa, wanda ke fili kuma ka binne ko ka shafa masa fenti don rana tana sa shi ya yi ƙamas ya fashe.

Na yi duk wannan amma har yanzu yana jinkirin kamawa, a Rayfield ta Jos nake.

To nan kuma sai mu duba tsayin tsotso. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200 sama da teku, matsin iska ya ragu, don haka injin da zai tsotso mita 7 a Legas a nan ka cire masa fiye da mita 1. Ka sauko da shi kusa da bakin ruwa, ka bi haɗin fayif ɗin tsotso ɗaya bayan ɗaya ka sake naɗa tef ɗin zare, ko ɗan rami kamar na allura ya isa ya hana shi kamawa.