Tekun Vernet da rigimar wanke tsofaffin zane-zane

Duk lokacin da wani gidan tarihi a Faransa ya wanke tsohon zane ya maido shi bango, sai gardama ta tashi. Wasu su ce an kankare masa kwarjini, wasu su ce sai yanzu aka ga abin da mai zanen ya gani. A kan zanen teku abin ya fi zafi, domin teku da sama shuɗi ne, shuɗi kuwa yana cikin launukan da tsufa ya fi ci wa amana.

Claude-Joseph Vernet, mai zanen teku ɗan Faransa, misali ne mai kyau. An haife shi a Avignon a 1714, ya tafi Roma a 1734, ya yi kusan shekara 20 can yana zana guguwa, da jiragen da suka farfashe, da hasken wata a kan ruwa. A 1753 Sarki Louis na 15 ya ba shi aikin zana tashoshin jiragen ruwan Faransa. An tsara guda 24, ya gama 15 zuwa 1765, kowanne tsayinsa santimita 165, faɗinsa 263: Marseille, Toulon, Bordeaux, La Rochelle, Dieppe da sauransu. Ya rasu a Faris a 1789. Yau 13 suna gidan tarihin sojan ruwa na Faris, biyu suna gidan tarihin Louvre.

Sai an san yadda ake gina irin wannan zane kafin a fahimci rigimar. Ana ɗaure ƙyallen lilin a firam, a shafe shi da gam ɗin fata, a yi masa shimfiɗar fenti, sannan a ɗora launuka da aka kwaɓa da mai. Hazo da inuwar ruwa kuwa da shafi siriri ake fitar da su, wanda ake hango na ƙasa ta cikinsa. Bayan wata shida zuwa shekara, idan fentin ya bushe sosai, sai a rufe da man ƙyalli: ƙaron mastik na tsibirin Chios a Girka, narke cikin man itacen fain. Ranar da aka shafa shi garau yake kamar ruwa. Iska da haske ne ke sa shi rawaya cikin 'yan shekaru gommai, rawaya a kan shuɗi kuma kore take bayarwa.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne abin da ya faru bayan zane-zane sun bar fadoji sun koma ɗakunan da jama'a ke shiga, kamar Louvre da aka buɗe a 1793. Ga ƙura, ga hayaƙin murhu, ga laimar numfashin taro. Man ƙyalli yakan tsattsage, ya yi fari-fari kamar gilashin da ya yi raɓa. Cire shi aiki ne mai tsada da haɗari, shafa sabo a kai kuwa aikin yini guda ne, kuma nan take zanen ya yi sheƙi. Haka aka yi ta yi tsawon ƙarni na 19 a gidajen tarihin Turai, shafi bisa shafi, kowanne yana danne dattin da ke ƙarƙashinsa. Wani lokaci har launi ake ɗiga wa man don ya ɓoye faci da tabo. Ɓarnar ba a ƙyalle kaɗai ta tsaya ba, ta shiga idon masu kallo. Zuriya bayan zuriya sun tashi suna ganin ruwan zinariyar nan, har suka ɗauka hannun gwanayen da ne. A ganina nan ne tushen gardamar yau: mai kukan an ɓata zane galibi launin da ya saba da shi yake kewa.

Amma masu tsoron wanki ba su rasa hujja ba, kuma sun yi hayaniya a Landan a 1947 kan zane-zanen da aka wanke. Ƙaro idan ya tsufa ba ya narkewa sai da sinadari mai ƙarfi irin asiton ko etanol, wannan ƙarfin kuma yana iya kumbura fenti. In mai zane ya haɗa ƙaro cikin siririn shafinsa, sinadarin ba zai bambance shi da man ƙyalli ba, hazon da ke kan ruwa sai ya bi auduga, ba kuwa mai dawo da shi.

Shi ya sa mai gyara yake fara da fitilar ultrabayolet, mai hasken da ido ba ya gani: tsohon ƙaro yana haskawa kore-kore, facin baya-bayan nan yana fitowa baƙi. Sai ya gwada a gefe, wuri kamar faɗin farce, da auduga a kan tsinke, yana mirgina ta ba gogawa ba, yana dubawa. Rawaya a jikin audugar, ƙaro ne, shuɗi kuwa fenti ne, nan take ake tsayawa. Masu gyara na Faransa sun fi karkata ga rage kaurin man, su bar ɗan siriri a kan fentin. Bayan an gama, a ajiye zanen a laimar kusan kashi 50 cikin ɗari da hasken da bai wuce luks 200 ba (luks ma'aunin ƙarfin haske ne), domin sabon shafin ma, in na ƙaro ne, tun ranar farko ya kama hanyar rawaya.