Karatun tarihin duniya daga gida: tambayoyin ɗaliban Zamfara

Tambaya: Mutumin Gusau ko Talata Mafara zai iya wannan karatu ba tare da ya tare a jami'a ba?

Zai iya. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da cibiya a Gusau, kuma ana sauke littattafan darussanta kyauta a waya. Karatu a ɗaki, jarrabawa a cibiya. Sai dai kafin ka biya kuɗin rajista, ka duba jerin kwasa-kwasan, domin sau da yawa tarihin duniya yana zuwa ne a cikin fannoni irin su hulɗar ƙasa da ƙasa.

Tambaya: Ina ruwan manomin Kaura da juyin masana'antu na Ingila?

Ka je tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda ka tsaya. A 1929 dogo ya iso can daga Zariya ta Gusau, kuma ba don a sauƙaƙa wa matafiya aka shimfiɗa shi ba. Auduga da gyaɗa ake kwasa zuwa Legas, daga nan sai jirgin ruwa zuwa masaƙu da matatun mai na Turai. A wannan shekarar kuma kasuwar hannun jari ta New York ta rushe, farashin amfanin gona ya faɗi warwas a duniya, haraji kuwa da kuɗi Bature yake karɓa. To ka ga abin da ya faru a Amurka ya shigo har rumbun kakanka. Ɗalibin da ya fahimci wannan, taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda ƙasashen Turai suka tsara yadda za su raba Afirka, ba zai zame masa haddar shekaru kawai ba. Haka yaƙin duniya na biyu: akwai gidajen da har yau ake ba da labarin tsoho ya je Bama.

Tambaya: Matsalar sabis fa?

Wanda ya ga yadda aka rufe layukan waya a jihar nan a watan Satumbar 2021 ba ya buƙatar dogon bayani. Ranar da sabis ya yi kyau, sauke littattafan zango gaba ɗaya, ka buga masu muhimmanci a takarda.

Tambaya: Sai da Turanci mai ƙarfi?

Da Turanci ake rubuta jarrabawa, wannan ba makawa. Amma ku haɗu ku uku ko huɗu bayan la'asar, kowa ya bayyana babi ɗaya da Hausa. Wanda ya kasa, ya koma ya sake karantawa.